Ƙugin Jitar Abba

Masu bibiyata, yau ba ni da dariyar da zan ba ku. Na san kun saba in buɗe da tsokanar Umma, ko in ba ku labarin takalmin Injiniya mai tsinin nan, to yau ku yi haƙuri da ni. Bakina ya ja mini, kuma ba ni kaɗai ya ja wa ba.

Ga sababbin shigowa: Auta ake ce mini a gida. Ni ce ƙarama a wurin Abba da Umma, kuma ni kaɗai na ɗauko hannun Abba. Kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar da shi a kujerar falo, Abba makaɗin jitar lantarki ne, irin wanda idan mawaƙi ya yi shiru a tsakiyar waƙa shi ake bar wa fili. Da hannunsa na dama ya daina jin magana, ya kira ni ya sa aka ɗora mini jitar a cinya. Ja ce, fentinta ya koɗe daidai inda damtse ke gogawa, akwatinta kuma har yau yana warin tsohon turarensa. Da ita nake zuwa situdiyo ina yi wa mawaƙa kiɗa.

Aibinta ɗaya: ƙugi. Da an jona ta za ka ji wani zuuu can ƙasa-ƙasa, kamar firij a ɗakin da babu kowa. Amma ka danna tsirkiya ka ja ta sama, sai sautin ya miƙe, ya yi kauri, ya yi ta tafiya har kai ne za ka gaji ka sake shi. Saboda wannan jan sautin ake kirana aiki. Ba na ruɗin kaina, rabin sunan da na yi na jitar ne.

Mai haɗa sautin situdiyonmu kowa Kunne yake ce masa, don yana iya gane batir ya kusa mutuwa tun mai kayan bai sani ba. Dogo ne siriri, da gilashi mai kauri, ba ya son magana. Bai taɓa cewa yana sona ba. Amma idan na makara zan tarar ya rufe mini kofin shayi da murfin gwangwani, kuma shi kaɗai nake bari ya taɓa jitar Abba. Umma ba ta son jin sunansa. “Wannan mai waya a kunnen,” haka take kiransa.

Wanda take so shi ne Injiniya, ɗan ƙawarta, mai shagon kayan sola. Da mugu ne da na huta. Mutumin kirki ne, shi ya sa wa Abba fanka mai caji, shi yake kai shi asibiti idan Yaya ba ta samu zuwa ba. Ni kuwa na daɗe ina ja masa rai da “bari in yi tunani,” Umma tana bina da ido daga kicin zuwa ɗaki.

To ga abin da ya faru.

Makon jiya Yaya ba ta ji daɗi ba, na tafi gidanta in riƙe mata yara na 'yan kwanaki. Kafin in tafi na bar wa Kunne jitar ya canja mata tsirkiya, don muna da babban aiki da wata mawaƙiya da ake ji da ita. Da ya gama ya turo mini saƙo: “Na kai ta gida. Na goge wuyan ma, ya yi datti kamar ba mace ce mai ita ba.” Na tura masa hoton harara. Da na dawo ban ko buɗe akwatin ba, da safe na saɓa shi na wuce aiki.

Ran nan situdiyo a cike yake. Mawaƙiyar tana cikin ɗakin gilashi da mayafinta ruwan zuma, manajanta ya baje a kujerar baya yana danna waya, Oga mai situdiyo da kansa ya shigo yana ta murmushin baƙi. Ni kuma na sa baƙar doguwar rigata mai faɗin hannu, na naɗe hannun dama da roba kamar kullum.

Kunne ya yi magana ta makirfon. “Auta, daga inda ta sauke murya ki shiga. Sautin ƙarshen ki riƙe shi har ganga ta dawo.”

Na shiga. Na danna, na ja tsirkiyar sama, ina jiran abin da na saba ji. Sauti ya fito siriri kamar na rediyon hannu, ya ɗan yi rawa, ya mutu. Ganga ba ta ko kusa dawowa ba.

“Sake.”

Na sake. Haka dai.

“Ko yatsunki sun yi hutu a gidan Yaya?” ya ce yana ɗan murmushi. Ban yi dariya ba.

Ya taso ya zo inda nake. Ya cire kebul ɗina ya kawo nasa, babu canji. Ya cire fedar canja sauti da nake takawa ya jona jitar kai tsaye a amfilifaya, akwatin da ke ƙara mata murya, babu canji. Ya ƙara wuta, sai sautin ya yi ƙara yana ƙaiƙayi a kunne, amma mutuwar tana nan daram. Ya kawo wata amfilifayar daga ɗaya ɗakin, nan ma haka. Manaja ya fara duba agogo yana sauke numfashi da ƙarfi don mu ji.

Kunne ya karɓi jitar, ya zare kebul, ya manna kunnensa a jikin katakon ya kaɗa tsirkiya ɗaya. Ya rufe ido ɗaya ya hango wuyan daga ƙasa zuwa sama kamar kafinta. Ya bi ƙarafan wuyan yana dannawa ɗaya bayan ɗaya ko zai ji wani yana karkarwa.

“Wuya lafiya, ƙarafa lafiya,” ya ce. “Amma ko babu wuta ma ba ta ja. Kamar wani abu yana riƙe tsirkiyar.”

Ya mayar da kebul ya ƙara murya, ya ɗaga mini yatsa.

“Saurara.”

“Ba na jin komai.”

“Shi ne ai. Ina ƙugin?”

Jama'a, sai a lokacin na lura. Lasifika shiru kamar ba a jona komai ba. Tun ina yarinya nake jin ƙugin nan, na sha yi masa tsaki, amma da ya ɓace sai na ji kamar na shiga falonmu na tarar babu kujerar Abba.

Ƙarƙashin tsirkiyoyin jita akwai wasu maganaɗisu guda biyu da ke ɗaukar sauti su kai wa amfilifaya, mu fikof muke ce musu. Kunne ya karkata jitar wajen fitila yana kallonsu.

“Murfin naki ne, amma sun hau sama sosai, kusan suna taɓa tsirkiya. Ba haka na bar su ba. Bari in buɗe in ga abin da ke ciki.”

Ya zaro sukudireba daga aljihu. Ni kuwa na fizge jitar na rungume.

“Babu mai buɗe jitar Abba.”

“Auta, dubawa kawai zan yi.”

“Ai ka riga ka duba. Kai ka taɓa ta ƙarshe.”

Daga kujerar baya manaja ya ɗago kai. “Ai ana yi,” ya ce. “Tsofaffin kayan nan tsada gare su. A cire na asali a sa na bogi a mayar da murfi, mai kaya bai sani ba. Mun sha gani.”

A nan ya kamata in juya in ce masa ya kama bakinsa. Na san Kunne. Na san mutumin da ya taɓa bin mawaƙi har tasha don ya mayar masa da cajar da ya manta. Amma kunya ta rufe ni, ga mawaƙiya tana kallona ta gilashi, ga Oga ya daina murmushi, ga abin Abba ya lalace a hannuna. Ina neman inda zan sauke abin da ke ƙirjina, shi ne kuma a tsaye a gabana.

“To ka faɗa mini abin da ka cire,” na ce. “Dama Umma ta sha gaya mini, ba kowa ake ba amana ba.”

Bai ɗaga murya ba. Ya cire abin sauraron da ke wuyansa, ya naɗe wayarsa a hankali yadda yake yi kullum idan an tashi aiki, ya ajiye a kan teburi.

“Na canja tsirkiya, na goge wuya, na miƙa wa Umma hannu da hannu. Iyakar abin da na sani ke nan.” Ya juya wajen Oga. “Ranka ya daɗe, a nemo wani ya ƙarasa.”

Ya fita. Ko ƙofar bai buga ba.

Aikin ya watse. Na koma gida da akwati a kafaɗa, na tarar Umma ta canja labulen falo, ta fito da kofunan baƙi masu zanen zinariya a baki.

“Yauwa, kin dawo da wuri. Injiniya zai zo bayan la'asar. Ki sa shuɗiyar rigar nan mai duwatsu a wuya, ki daina yawo da baƙi kamar mai takaba.”

“Umma, kaina ke ciwo.”

“Zai daina idan kin ga abin da ya yi miki.”

Ban gane ba, ban kuma tambaya ba. Na sa rigar, na yafa farin mayafi, na shafa hoda a kan idon da ya kumbura.

Ya zo da farar riga mai dogon hannu, guga har tana yanka, turarensa ya riga shi shigowa. Ya durƙusa ya gaida Abba, ya gyara masa matashin da ke bayansa, sannan ya zauna yana kallona yana murmushi kamar yaron da ya ɓoye alawa a baya.

“Yau kin je aiki da ita, ko?”

“Na je.”

“To, kin ji bambanci?”

Na ajiye jug ɗin lemon da ke hannuna kafin ya faɗi.

“Wane bambanci?”

“Ƙugin nan mana. Kullum idan na kira ki kina gwaji sai ki ce ya ishe ki. Na daɗe ina tunanin abin da zan yi miki wanda ba zane ba, ba turare ba. Da kika tafi gidan Yaya na roƙi Umma ta ba ni ita. Na kai wa mai gyara, ya ce tsofaffin maganaɗisun ne, wai aikin hannu ne ma, ba na kamfani ba. Na sa ya saka sababbi, marasa ƙugi. Na ce ya mayar da murfin ya ɗaga su sosai don ta yi ƙarfi, sai kin kunna ki sha mamaki.”

Umma tana bakin ƙofar kicin tana washe baki. “Kin gani ko? Wa zai yi miki wannan?”

Fuskar Kunne kawai nake gani yana naɗe waya.

“Tsofaffin fa?” na ce da ƙyar.

“Suna can wurin mai gyaran, ai tarkace ne...” Ya tsaya, don ya ga fuskata. “Auta, lafiya?”

Sai muka ji Abba ya buga hannun kujera da hannunsa na hagu. Tun da ya kwanta ciwo maganarsa a hankali take fita, sai ka jira ta.

“Kawo... ta.”

Na ɗauko jitar da ƙaramar amfilifayar ɗakina, na jona, na durƙusa a gabansa. Ya ce in kaɗa. Na kaɗa, sautin ya fito ya mutu. Ya rufe ido. Ya miƙo hannun hagu ya shafa ƙarƙashin tsirkiyoyin.

“Sun yi kusa. Maganaɗisu... yana jan tsirkiya, ba ya barinta ta yi rawa. Sauke su.”

Injiniya ya yi sauri ya ciro ƙaramin sukudireba daga jikin makullin motarsa ya miƙo mini da hannu biyu. Na fara juya sukurun gefe, Abba yana cewa ƙara, ƙara, ɗaya gefen, ya isa. Na danna na ja tsirkiya. Wannan karon sautin ya miƙe, ya tafi, ya daɗe kafin ya sauka.

“Alhamdulillahi,” in ji Injiniya, har da sauke ajiyar zuciya. “Ta gyaru ke nan.”

Ta ja, gaskiya ne. Amma muryar ba ita ba ce. Tsaf take, sumul, kamar kowace jita a kowane shago. Kaurin nan da ɗan dishi-dishin da ke sa mawaƙa su juyo su kalle ni, babu shi.

Abba bai kalli Injiniya ba, Umma ya kalla.

“Ke kika taka keken.”

Murmushin Umma ya tsaya.

“Keken ɗinkinki. A tsohon ɗakinmu. Kina takawa, ni ina riƙe da wayar tagullar... siririya kamar gashi. Ta tsinke, muka sake. Ta tsinke, muka sake. Kika ce idan ta ƙara tsinkewa za ki koma gidanku.”

Ban taɓa jin labarin nan ba. Ashe tsofaffin maganaɗisun da hannunsa ya naɗe su, Umma tana amarya. Umma da ta yi shekaru tana cewa jita ce ta hana ta zama da miji a gida, ta dafa ƙofar kicin.

“Ni cewa aka yi za a gyara,” ta ce a hankali. “Ban san su za a cire ba.”

Ta shige kicin. Muna jin famfo yana zuba, babu ƙarar kwano ko ɗaya.

Injiniya ya sauko daga kujera ya durƙusa kusa da ni. Farar rigar nan har ta jiƙe a baya. “Abba, ka yafe mini. Wallahi alheri na nufa.”

“Na sani,” Abba ya ce. Ya juya fuskarsa wajen taga.

Da na shiga ɗaki na kira Kunne, ba ya ɗauka. Na rubuta, “Ba kai ba ne, na gano komai.” Na rubuta, “Don Allah ka ɗauka.” Na yi saƙon murya na goge, na sake yi na goge, don duk abin da na faɗa sai in ji ya yi ƙanƙanta. Na kira Oga na ce masa ƙarya na yi wa Kunne, a gabansa na faɗa, a gabansa zan janye.

“Kin makara, Auta,” ya ce. “Manajan nan ya riga ya watsa a zauren masu situdiyo na waya. Har an kira ni ana tambaya ko kayana sun cika. Kunne kuma ya aiko mini da makullaina.”

Na roƙe shi ya sa ni a zauren in yi bayani da bakina. Ya sa ni, na yi. Mutum biyu suka turo hoton babban yatsa. Saƙon manaja kuwa an tura shi wurare da ban ma san da su ba.

Washegari da safe Injiniya ya zo da kansa, ba turare, ba guga. “Zo mu je mu karɓo su,” ya ce. Umma ba ta ce in canja riga ba.

Shagon mai gyaran yana ƙarƙashin matakalar wani bene, cike da matattun rediyo da lasifikoki, warin dalma ya cika shi. Da Injiniya ya yi bayani, mutumin ya sosa ƙeya.

“Ai kun yi latti. Jiya da rana tsaka wani dogo mai gilashi ya zo, gumi sharkaf. Ya ce ya zaga masu gyara da yawa, yana tambayar ko an kawo wata jar jita. Na zazzage masa kwalin tarkace, ya tsince su. Ɗaya ma wayarsa ta tsinke wajen cirewa, na gaya masa ba zai yi ba. Ya sa su a hankici ya tafi.”

Jiya da rana tsaka. Lokacin da nake gaban madubi ina shafa hoda, mutumin da na kira ɓarawo a gaban jama'a yana bin shaguna cikin rana yana neman kayan ubana.

Ban san yadda na koma mota ba. Mun hau titi ke nan wayata ta yi ƙara. Saƙon Kunne ne.

“Suna hannuna. Ɗaya ya tsinke, zan gwada naɗe shi. Idan na gama zan kawo wa Abba, shi ya san darajarsu. Ranar da zan zo zan sanar da Umma, don ki samu ki fita.”

Na karanta, na sake karantawa. Babu zagi a ciki, babu gori. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Na toshe baki da mayafi, amma kukan ya fi ƙarfin mayafin.

Injiniya ya kunna sigina ya gangara gefen titi, gaban wani shagon tayoyi, ya tsaya. Ya miƙo mini hankicinsa, ya jira har na ɗan lafa.

“Na ɓata miki abu, kuma zan ɗauki laifina,” ya ce yana kallon gaba. “Amma kawuna ya ce ranar Asabar zai zo ya ga Abba a kan maganarmu. Umma ta sani. Ba na so in taso dattijo a banza, ba na kuma so a ba ni ke don ana jin nauyina.”

Ya juyo ya kalle ni sosai, irin kallon da bai taɓa yi mini ba.

“Auta, kukan nan na jitar ne, ko na mai gilashin?”

Na ce masa mu tafi gida, Umma za ta neme mu.

Ya kashe motar, ya zare makullin ya ɗora a gaban gilashi.

“Umma za ta jira,” ya ce. “Ni na daɗe ina jira. Ki ba ni amsa.”